Kamu Biyar da Ɗani

Ranar da aka yi addu'ar arba'in ta Malam Hamani masaƙi, bayan baƙi sun watse, 'ya'yansa uku suka buɗe ɗakinsa. Ba wani tarin kaya a ciki: tabarma, buta, rediyon da sai an mare shi yake magana, riguna huɗu, sai wani buhun fata a bayan ƙyaure. Ba a yi gardama a kan rigunan ba, don duk gidan ba wanda za su zauna wa sai Suhaibu. Marigayin mutum ne mai dogayen hannuwa, kuma Suhaibu kaɗai ya ɗebo su. Mahaifiyarsu, Allah ya ji ƙanta, takan ce dalilin da ya sa ya zama tela ke nan, tunda duk rigar kanti da aka saya masa sai hannunta ya tsaya masa a rabin hanya.

Buhun ne ya kawo magana. Da Hadiyya, autarsu, ta zazzage shi, sai ga wani naɗin saƙa ya gangaro tsakar ɗaki, girmansa kamar tayar babur. Faɗin saƙar bai wuce tafin hannu ba, fara ce da ado na baƙi da ja da rawaya. A bakinta na waje har yanzu akwai ragowar zaren da ba a saƙa ba, a dunƙule, tare da ƙoshiyar da ake jefa zare da ita.

Hamani Bazabarme ne, daga wani ƙauye na wajen Dosso a Nijar. A shekarar babban fari ya shigo ƙasar Daura da ƙafa, ba shi da komai sai kayan saƙa a kafaɗa. Ya fara zama a garin Babban Mutum, daga baya ya dawo cikin Daura ya kafa gida da rumfar saƙa a wani lungu da ke bayan rijiyar Kusugu, ya auri 'yar gari. Bargon da yake saƙawa mutane suka sa masa suna lurun Zabarmawa, kuma an yi lokacin da amarya ba ta jin an yi mata gata in babu shi a kan gadonta. Sai bargon kamfani ya shigo, mai laushi da hoton damisa, aka bar Hamani da rumfarsa.

Irin wannan bargo ba a saƙa shi da faɗinsa. Siriri ake saƙa shi, dogo ɗaya tal, in an gama a yanka shi gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa masaƙa na ce mata ƙwarya. Sai an jera ƙoren gefe da gefe an ɗinke sannan adon yake fitowa. Duk 'ya'yan sun san wannan, irin sanin da mutum ke yi wa abin da ya girma yana gani bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Suhaibu dai ko ranar arba'in ɗin ubansa da tef a wuyansa ya zo, wai mantawa ya yi. Nan take ya warware naɗin ya auna.

"Yadi talatin da shida ne," ya ce. "Allah ya sauƙaƙa mana. Sha biyu-sha biyu, kowa ya samu abin tunawa da Baba. Wannan tarkacen zaren kuma in datse shi."

Hadiyya ta ce ita dai ya yi mata, za ta sa a kewaye mata bakin labule da nata. Almakashin har ya fito daga aljihu.

Babbarsu, Ummukulsum, tana durƙushe tana bin saƙar da yatsa. Malamar lissafi ce a firamare, kuma tun tana ƙarama Allah ya ɗora mata ciwon bin diddigi. Ita ce ta taɓa kwance agogon bangon gidan don ta ga abin da ke ƙara a ciki, agogon bai sake ƙara ba har yau. Abin da ya tsayar da ita shi ne, duk adon da ke jikin saƙar rabi ne. Ga wani mai kusurwa uku ya taho da kyau, da ya iso bakin saƙar sai ya yanke. Ga wani kamar matakala, ya hau taki huɗu ya ɓace.

"Suhaibu, ina rabin wannan?"

"Yana wani wurin mana, Yaya."

"Wane wurin?"

"To ni na saƙa?"

"In ka yanka a yadi sha biyu ka faɗa tsakiyar ƙwarya fa? Shi ke nan, ba mai sake haɗa shi har abada."

Suhaibu ya ce dama wa zai haɗa, masaƙin ƙarshe a unguwar ai shi aka binne. Ya faɗi haka da zafin da ya fi ƙarfin maganar, kuma Ummukulsum ta san dalili. Daga shekara bakwai zuwa sha huɗu yana zaune a rumfar nan kan wata 'yar ƙaramar kujera kusa da uban, yana koyo. Yaran makaranta suka sa masa suna Gizo-gizo, suna kwaikwayon Hausar ubansa a gabansa. Wata rana ya tashi daga kujerar bai sake komawa ba. Uban ya dai ɗauki kujerar ya rataye ta a jikin ginshiƙin rumfar.

Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya. Ranar Laraba ce, kuma ranar Asabar da hantsi mijin Hadiyya zai zo ya mai da ita Mashi. In Ummukulsum ta gano inda ake yankawa kafin nan, to. In ba ta gano ba, tef zai yi aikinsa, don Hadiyya ta rantse ba za ta bar Daura hannu rabbana ba.

Ranar Alhamis tun da safe Ummukulsum ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ta warware saƙar. Ta zagaye turmi, ta zagaye gindin dalbejiya, ta dawo ƙofar ɗaki, ba ta ƙare ba. Ta kore kaji ya fi sau ashirin. Dabararta mai sauƙi ce: ta ninka saƙar, ta kawo ƙwarya ta biyu kusa da ta farko, ta ga inda rabi zai sami ɗan'uwansa. Ta gwada a yadi biyu, ba su haɗu ba. Ta gwada biyu da rabi, ta gwada uku, tana matsawa kaɗan-kaɗan. Wani lokaci jan ado ya yi kamar zai haɗu, sai ta duba ƙasa ta tarar baƙin ya kauce. Ta ɗauko littafi ta zana kowane ado, ta ba shi lamba, ta cika shafi tara. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta sha'awa, don ta ga tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya ba malamar lissafi jarrabawa ta faɗi.

Da la'asar ta zauna a bakin rumfar, kunya ta kama ta. Shekara arba'in da ɗaya tana wuce mutumin nan yana aiki, ta tambayi kowa komai a duniya, shi kaɗai ne ba ta taɓa tambaya ba. Ko yarensa kalma uku ta sani: sannu, zo, da ruwa. Ta yi kukanta ta share, sannan ta tuna da Ɗantsoho.

Ɗantsoho shi ne dillalin da ya yi shekaru yana kai barguna kasuwanni, kuma a gidansu ne Hamani ya sauka ranar da ya shigo ƙasar. Tsufa ya hana shi zuwa arba'in. Da safiyar Juma'a Ummukulsum ta shiga motar Baure da littafinta a jaka. Gero ya nuna a gonaki hagu da dama, ita kuwa ba ta gani ba, tana ta juya shafi.

Ta same shi a ƙofar gida a Babban Mutum yana tufka igiya. Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a, aka kawo fura. Da ta gama bayani ta buɗe masa littafin, sai ya ture shi da bayan hannu yana dariya.

"Yadi? 'Yata, ubanki ya mutu bai san yadi ba. Kamu biyar da ɗani, ita ce ƙwaryarsa, tun ranar da na san shi." Ya dafa gwiwar hannunsa ya ja zuwa kan yatsa, ya nuna mata kamu, sannan ya buɗe tafinsa ya nuna ɗani. "Kuma daga ina kika fara awon?"

"Daga farkon saƙar, Baba."

"To kin ga inda kika ɓata. Kamun farko ba na bargo ba ne, na baƙo ne."

Ta matso. "Wane baƙo?"

"Duk wanda Allah ya kawo, in dai matafiyi ne. Ranar da ubanki ya iso nan, ƙafarsa ta tsage har ba ya iya takawa. Tsohuwata ta yagi bakin zanenta ta ɗaure masa. Tun daga nan, duk aikin da ya ɗora, kamun farko sai ya yanke ya ba mai tafiya. Na yi masa faɗa har na gaji, na ce zare kake zubarwa. Ya ce zanen tsohuwa yake mayarwa."

Ummukulsum ta rubuta. Sai alƙalamin ya tsaya.

"Baba, kamun wa? Ai hannu ya bambanta."

"Nasa mana, da na wa zai auna? Hannun nan nasa kamar na mai tsinkar mangwaro." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Wato kun binne shi da ma'auninsa."

Ta tambaye shi yadda ake jera ƙoren, ya ce shi a ɗinke yake karɓa, bai taɓa tsayawa kallon jeri ba. Ta tambaye shi wa ya sa a yi wannan bargon, tunda an daɗe da daina saye.

"Ba kowa. Shekara uku yana kansa, ido na ƙi yana matsawa. Zuwana Daura na ƙarshe ya ce mini duk adon garinsu da ya sani zai zuba a ciki, kada ya tafi da su. Na ce to wa zai karanta? Ya ce akwai wanda ya iya, fushi yake yi kawai."

Ta dawo Daura da abu biyu a hannu, awon ƙwarya da kamun baƙo, ma'aunin kuwa yana kabari.

Ranar Asabar, rana ba ta gama fitowa ba ta sake shimfiɗa saƙar. Ta tsallake kamun baƙo da nata hannun, ta auna biyar da ɗani, ta sa alama da alli. Alamar ta faɗa tsakiyar wani jan ado. Ta ƙara yatsa biyu a kowane kamu, ta faɗa kan baƙi. Ta ƙara uku. Hadiyya ta riga ta ɗaure kayanta, tana zaune a kan jaka tana kallonta da tausayi, irin wanda ake yi wa mai neman allura a cikin yashi.

Da hantsi Suhaibu ya yi sallama, tef a wuya, almakashi a hannu. Ya sa ɗaya daga cikin rigunan marigayin, shuɗiyar nan ta zuwa masallaci.

"Yaya, an yi ƙoƙari. A bar wa tef."

Ya durƙusa ya miƙa hannu zai jawo bakin saƙar. Ummukulsum tana kallon hannun. Bakin hannun rigar ya zauna masa cif a wuyan hannu, daidai inda yake zauna wa mai ita.

"Ajiye tef ɗin. Ba ni hannunka."

"Hannuna kuma?"

"Ɗora gwiwar hannunka a nan, ka miƙe yatsu."

Ya yi tsaki, amma yaya yaya ce, ya ɗora. Kan doguwar yatsarsa ya sauka daidai inda farin farko ya ƙare, baƙin layi ya fara. Ta sa alli, ta ce ya ci gaba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ya buɗe tafi ya ƙara ɗani. Yatsar ta sauka a tsakanin wasu baƙaƙen layuka biyu, kan wani ɗan fili fari wanda bai fi faɗin ƙwayar gero biyu ba. Kwana uku tana wuce shi tana ɗauka ado ne.

Suka ci gaba, shi yana rarrafe ita tana bin sa da alli, Hadiyya ta tashi daga kan jaka tana riƙe musu saƙar. Sau goma sha biyu, ko sau ɗaya yatsar ba ta kuskure farin filin ba. Bayan ta goma sha biyu saura guntu, sai zaren da ba a saƙa ba.

"Yanka," in ji Ummukulsum.

Mutumin da ya kwana uku yana ɗokin yanka sai ga shi yana goge tafinsa a riga. Ya yi bisimilla, ya cire kamun baƙo, sannan ya bi alamun ɗaya bayan ɗaya. Guntun ƙarshe ya bar shi da zarensa.

Ummukulsum ta kwashi ƙoren ta jera a kan tabarma yadda suka fito: ta farko, ta biyu kusa da ita, ta uku, har sha biyu. Ta ja da baya ta duba.

Ba abin da ya haɗu. Rabin mai kusurwa uku yana kallon matakala, ja yana karo da rawaya. Ta juya ta biyu ta kifa, bai gyaru ba. Da tef ne ya ɓata, da ta ce laifin Suhaibu ne. Yanzu kuwa da bakinta ta ce a yanka, aikin shekara uku na tsoho mai mutuwar ido ya koma tsummoki goma sha biyu.

"Na kashe wa Baba aiki," ta ce a hankali.

Suhaibu yana tsaye ya harɗe hannuwa, yana kallon jerin kamar mai ciwon haƙori. Ya kau da kai, ya sake dubawa. Can dai ya kasa daurewa.

"Yaya, kin jera su kamar 'yan aji. Ba haka yake yi ba. Matsa."

Ya ɗauki ta farko ya kai ƙarshen tabarma ta dama. Ta biyu ya kai ƙarshen hagu. Ta uku ya dawo da ita dama, cikin ta farko, ta huɗu hagu, cikin ta biyu. Bai tsaya tunani ba ko sau ɗaya.

"Daga gefe yake farawa, ya riƙa shigowa ciki, dama da hagu. Wai don in zare ya canja launi a hanya, ɓangarorin biyu su canja tare. Ta tsakiya ita ce ƙarshe."

"Dama ka sani?" in ji Hadiyya.

"Ban san na sani ba."

Yana ajiyewa adon yana rufewa. Rabi ya sami rabinsa ya zama lu'ulu'u, matakala ta hau ta sauko ta ɗaya gefen, wasu ƙananan ɗigo da Ummukulsum ta ba lamba talatin da ɗaya a littafinta suka zama jerin zabi. Akwai adon da suka saba gani a gadajen mutane, akwai wanda ko Suhaibu ya ce bai taɓa gani ba. Ummukulsum ta durƙusa tana bin su da ido, tana so ta tambayi sunan kowanne, da wanda ya koya wa ubanta, da abin da ya sa zabin suke kallon gabas. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mata, don ga tambayoyi sun zo, mai amsawa ya tafi.

Shida a dama, shida a hagu. A tsakiya aka bar rata mai faɗin tafin hannu, tabarma tana leƙowa. Suhaibu ya ɗauko guntun ƙarshe ya shimfiɗa a bakin ratar. Ya rufe kamu biyu, ya tsaya. Daga nan zuwa ƙasa, manyan adon da suka taho daga dama da waɗanda suka taho daga hagu suna kallon juna, ba abin da ya haɗa su.

"Ita ce bai koya mini ba," in ji Suhaibu. "Ya ce sai bayan Sallah zai fara nuna mini ta tsakiya. Kafin Sallar na tashi."

Ummukulsum ta so ta riƙe maganar Ɗantsoho, ta ga ba tata ba ce. Ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ƙari: akwai wanda ya iya, fushi yake yi kawai. Suhaibu bai ɗago ba.

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, mijin Hadiyya ya iso. Hadiyya ta dubi bargon, ta dubi yayyenta, ta ce ita dai ta yafe labule. Ummukulsum ta ɗauko kamun farin nan na farko ta ninke ta sa mata a hannu.

"Wannan naki ne. Na mai tafiya ne, haka Baba yake yi. In kin zo wani jiƙon na ba ki labarin."

Da suka raka ta suka dawo, Suhaibu ya cire tef daga wuyansa ya ajiye a kan turmi. Ya durƙusa ya ɗora gwiwar hannunsa daidai inda saƙar uban ta tsaya, ya auna ratar har ƙasa.

"Kamu uku da ɗani," ya ce. "Zaren zai isa. Sai dai ki tsaya kusa da littafin nan naki, ki riƙa duba dama da hagu kina faɗa mini abin da ya kamata ya biyo. Zan ɓata da yawa kafin in daidaita."

"Ɓata, mu warware."

Ya miƙe ya ɗauki ƙoshiyar, ya juya ta a tafinsa. Ya nufi rumfar, ya tsaya a bakinta ya tuɓe takalmi.

"Yaya, 'yar kujerar nan tawa, ina aka kai ta?"

"Ɗaga kanka," in ji Ummukulsum. "Tana nan inda ya rataye ta."